Tsayuwa Tsakanin Jifa Da Jifa: Tarihin Roƙon Bukata A Kwarin Mina

Duk ɗalibin da ya zauna a makarantar zaure a Kano, ko Katsina, ko Maraɗi, har ya kai babin aikin hajji a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a shekarar 996, ya bi ta kan wata 'yar gajeruwar magana wadda ba a cika daɗewa a kanta ba. Malamin ya bayyana cewa idan alhaji ya jefi jamra ta farko a Mina sai ya tsaya ya yi addu'a, haka kuma bayan ta biyu, amma in ya jefi ta uku, watau Jamratul Aƙaba, sai ya juya ya kama gabansa. Shaihu Halil, mai Muhtasar, ya auna tsawon wannan tsayuwa da gwargwadon lokacin da mai karatu da sauri zai kai ƙarshen Suratul Baƙara. Sura ce mai aya 286, ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, kuma ko gwanin alaramma ba zai sauke ta ba sai ya ci minti 20 ko fiye.

Jifan Shaiɗan kowa ya san shi, domin shi a ke ɗauka a hoto kowace shekara. Tsayuwar da ke biye da shi kuwa ba ta da abin kallo: mutum ne ya ɗan matsa gefe, ya fuskanci alƙibla, leɓunansa suna motsi. Duk da haka, a wurin alhazai da yawa na Ƙasar Hausa, a nan ne a ke sauke kayan da aka ɗauko tun daga gida.

Mina kwari ne tsakanin duwatsu, kimanin kilomita 7 gabas da Masallacin Ka'aba, a kan hanyar Muzdalifa da Arfa. Alhazai kan sauka a can ranar 8 ga Zulhajji, su wuce Arfa ranar 9, su komo ranar 10 su jefi Aƙaba da tsakuwa 7, su yanka hadaya, su yi aski. Sa'an nan su zauna kwana biyu ko uku, kowace rana suna jifan jamrori uku da tsakuwa 21. Babu wurin da alhaji ya ke daɗewa a cikin kwanakin hajji kamar nan. Malaman lugga sun ce an kira wurin Mina ne saboda jinin dabbobi da a ke kwararwa a cikinsa. Amma Al-Azraƙi, wanda ya rubuta tarihin Makka a ƙarni na 9, ya kawo wata ruwaya dabam: wai a nan ne Mala'ika Jibrilu, da zai rabu da Annabi Adamu, ya ce masa ya faɗi abin da ya ke buri, shi kuwa ya yi burin Aljanna. Kalmar buri a Larabci da sunan kwarin kusan haruffansu ɗaya ne. Ko wace fassara mutum ya ɗauka, ta biyun ta nuna yadda mutanen da su ka ɗauki wurin.

Tun kafin Musulunci Larabawa suna taruwa a Mina bayan sun gama ayyukan hajjinsu. Masu tafsiri, irin su Ɗabari, sun ba da labarin cewa su kan tsaya a kwarin suna alfahari da iyaye da kakanni, waɗansu kuma su roƙi ruwan sama da yalwar raƙuma, ba su ko ambaci lahira ba. A kan wannan ne ayoyi na 200 zuwa 203 na Suratul Baƙara su ka yi magana. Sun zargi wanda ya roƙi duniya kaɗai, sun yaba wa wanda ya roƙi alherin duniya da na lahira duka biyu. Abin lura a nan shi ne, ba a hana roƙon duniya ba. Manomin da ya ke son damina mai albarka, da matar da ta shekara goma ba haihuwa, da ɗan kasuwar da bashi ya yi wa katutu, babu wanda aka ce ya ji kunyar bukatarsa. An dai ce kada ya tsaya a kanta. Sa'ad da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hajjin ban kwana a shekarar 632, sahabbai sun kiyaye yadda ya yi jifa, kuma Abdullahi ɗan Umar ya riƙa tsawaita tsayuwa bayan jamra ta farko da ta biyu yana cewa haka ya ga an yi. Daga wannan ruwaya, wadda ta ke cikin Buhari, maganar ta shiga littattafan fiƙihu, ta ratsa Sahara tare da su.

Bahaushe ya aro kalmomi biyu daga Larabci bai gauraya su ba. Salla tana da lokaci, da adadin raka'a, da lafazin Larabci wanda ba a canzawa. Addu'a kuwa a buɗe ta ke. A wajen ɗawafi, alhazan da su kan bi bayan muɗawwif, yana karanta addu'o'in Larabci da ƙarfi suna maimaitawa, da yawansu ba tare da sun san ma'anar ba. A gindin jamra babu wani lafazi da aka wajabta, saboda haka tsohuwar da ba ta wuce Fatiha da Ƙulhuwallahu ba tana iya gaya wa Ubangijinta damuwarta da Hausar garinsu.

Sai dai isa wurin shi ne aikin. Sarakunan Afirka ta Yamma sun je tun da daɗewa: Mansa Musa na Mali a 1324, Askiya Muhammadu na Songhai a wajen 1497, da sarakunan Kanem da Barno. Amma ga talaka, har ma ga malami, hanyar ta yi nisa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa bai sami zuwa ba. Yana saurayi ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas, amma malamin ya mai da shi gida domin bai nemi iznin mahaifinsa ba, ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Idan irin su Shehu sun zauna gida, to ba abin mamaki ba ne da al'adar ba da saƙon addu'a ta kafu. Maniyyaci ba ya barin gari sai ya zaga dangi da maƙwabta ya nemi gafara, su kuma su ba shi gudummawa, kowa da abin da zai raɗa masa: wannan a roƙa masa lafiyar ido, waccan a roƙa wa 'yarta miji na gari. Alhaji ya zama ɗan aike, saƙon kuwa amana ne.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da dubban mutane da niyyar kaiwa Makka. An kashe shi a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har gaɓar Shuɗin Nil a ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno ya ke har yau kusa da Sennar. Hanyar da su ka bi ta zama ta talakawa: daga Kano zuwa Maiduguri, a tsallaka Fort Lamy, wadda a yanzu a ke kira N'Djamena, a bi ta Abeche da El Fasher har El Obeid, inda a ke samun jirgin ƙasa, sa'an nan a jira jirgin ruwa a Suakin. A ƙasa a ke yin yawancin tafiyar, ana tsayawa ana ƙwadago domin neman guzuri. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925, gonakin auduga na Jazira sun riƙe dubban Takari, kamar yadda Larabawa ke kiransu, shekara da shekaru. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi tasa tafiyar a 1921 cikin jirgin ruwa ta hanyar Ingila, ya komo cikin watanni. Talakansa kuwa ya kan bar gida da jariri a goye, ya isa Mina da yaron yana riƙe masa buta. Sau da yawa wanda ya ba da saƙon addu'ar neman lafiya ya riga ya kwanta dama kafin ɗan aiken ya kai, sai roƙon ya koma na gafara.

A daidai waɗannan shekaru, kalmar addu'a ta yi wata tafiya a cikin Ƙasar Hausa kanta. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya aka mai da mishan ɗin Wusasa a 1929, kuma aikin fassara da ya jagoranta ya kai ga buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Fassarar ba ta ƙirƙiro sabbin kalmomi ba domin roƙon Allah. Ta ɗauki addu'a, da sujada, da Ubangiji, da amin, kamar yadda ta same su a bakin mutane. Addu'ar Ubangiji, wadda kowane Kirista ya ke haddacewa, tana ɗauke da roƙon abincin yini tare da roƙon gafara, kuma Manzo Bulus a wasiƙarsa ga Filibiyawa ya gargaɗi masu bi su kai kowace irin bukata gaban Allah tare da godiya maimakon su zauna cikin damuwa. Labarin Hannatu da ta roƙi ɗa a littafin Sama'ila na fari bai yi nisa da na Annabi Zakariyya a Suratu Maryam ba. Bambancin dai yana nan, kuma babba ne. Kirista yana roƙo cikin sunan Yesu Almasihu, ba shi da wani kwari da aka keɓe masa, ba a kuma yarda wanda ba Musulmi ba ya shiga haramin Makka, wanda Mina ke cikinsa. Ko a labarin Annabi Ibrahim, Musulmi sun ce a Mina aka fanshi Isma'ila da rago, littafin Farawa kuwa ya ce Ishaku ne, a ƙasar Moriya. Amma wanda ya saurari taron addu'a na Zumuntar Mata a wata majami'a a Wusasa ko Jos, inda mace za ta miƙe ta ce a tuna da ɗanta da ke asibiti, zai ji irin saƙon da a ke raɗa wa maniyyaci a zauren gidansa, kusan da kalmomi iri ɗaya.

Abin da ya canza Mina shi ne jirgin sama. Tun daga shekarun 1950 aka fara ɗaukar alhazai daga filin jirgin Kano, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i. Gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, alhazan Nijeriya sun haura 100,000. Haka abin ya ke a Indonesiya da Pakistan da Turkiyya. Kwarin kuwa bai ƙaru ba, domin iyakokinsa na shari'a ne, duwatsu kuma sun tsare shi dama da hagu. Malamai da yawa, har da na Malikiyya, sun tsaya a kan cewa lokacin jifa a kwanakin 11 zuwa 13 yana farawa ne daga zawali, saboda haka jama'a duka su kan nufi ginshiƙai uku a sa'a ɗaya. A cikin irin wannan turmutsutsu, wanda ya tsaya cik na minti 20 ya zama haɗari ga kansa da na bayansa.

Lissafin yana da nauyi. Ranar 2 ga Yuli 1990 mutum 1,426 sun mutu a ramin Mu'aisim da ke kaiwa Mina. A watan Afrilu na 1997 gobara ta cinye tantuna ta kashe fiye da 300, abin da ya sa aka kafa tantunan da wuta ba ta ci. A 2004 mutum 251 sun mutu a wurin jifa, sai aka rushe ginshiƙan aka gina bango mai tsawon mita 26 a madadin kowane ɗaya. Ranar 12 ga Janairu 2006, jim kaɗan bayan zawali, fiye da 340 sun sake rasa rayukansu, aka rushe tsohuwar gada aka gina sabuwa mai hawa 5. Mafi muni ya zo ranar 24 ga Satumba 2015, a mahaɗar tituna masu lamba 204 da 223, tun mutane ba su kai ga jamra ba. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769, amma da kamfanonin dillancin labarai su ka haɗa alƙaluman da ƙasashe su ka bayar sai adadin ya wuce 2,400. 'Yan Nijeriya 274 suna ciki, har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Kowannensu ya bar gida ɗauke da saƙonnin mutane.

Tun bayan gina sabuwar gada, hanyar shiga dabam ce da ta fita, kowace tawaga kuma tana da lokacin da aka yanka mata. Jami'an tsaro suna kaɗa hannu kada a tsaya a bakin bango. Littattafan manasik na zamani su kan ce alhaji ya yi addu'a gwargwadon abin da ya sawwaƙa, kuma mafi yawa su kan taƙaita ta zuwa 'yan kalmomi suna tafe. Sai dai faɗin gadar ya mai da wani abu da cunkoso ya ƙwace, domin wanda ya wuce bango na farko ya matsa can gefe yana samun wurin tsayawa. A nan a kan ga Bahaushe ya zaro takarda daga jakarsa, ko ya buɗe wayarsa, yana bin sunayen mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya.

Shari'a ta yarda alhaji ya bar Mina ranar 12 ga wata, muddin ya fita kafin faɗuwar rana, kuma yawancin tawagogi haka su ke yi saboda motoci da masauki. Kaɗan ne ke kwana har 13. Su ne su kan tarar da gadar kusan fayau bayan zawali, tantuna sun yi tsit, masu shara sun fara aiki, kuma babu mai korar wanda ya ga dama ya tsaya gwargwadon awon Shaihu Halil.