Mene ne Automix a manhajar DJ?

Automix tsari ne da ke cikin manhajoji irin su VirtualDJ, wadda ta fito a 2003, mai haɗa waƙa da waƙa ba tare da sa hannun DJ ba. Manhajar kan ƙirga bugun kiɗa a minti guda, ta daidaita saurin waƙoƙi biyu, sannan ta rage sautin ta farko yayin da ta biyu ke shigowa.

Kiɗan kalangu, wanda saurinsa ke bin hannun makaɗi, yakan rikita wannan lissafi. Haka kuma manhaja ba ta ganin fili, tana iya sauya waƙa ana tsaka da yi wa amarya liƙi. Saboda haka amfaninta ya fi yawa lokacin cin abinci, kafin rawa ta kankama.