Amsoshin Takardunku: Giwa da Dakaru a Darar Shaɗaranji

Wani mai sauraronmu daga Baure, ƙasar Daura, ya rubuto yana cewa ya ga 'yan makaranta suna wata irin dara a kan allo mai gidaje fari da baƙi. Ɗayansu ya fi abokinsa da 'ya'ya biyu, amma aka tashi canjaras. Shi ne yake tambaya, ina asalin wasan nan, kuma yaya mai rinjaye zai kasa ci?

To Malam, mun gode da takardarka. Wannan wasa shi ne Larabawa ke kira shaɗaranji. An faro shi a Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka ɗauka. A Bagadaza an yi wani gwani, As-Suli, wanda ya rasu wajen 946. Ta Andalus wasan ya ƙetara Turai. Nan kusa da mu ma an buga shi a Borno da sunan tsatsarandi, har wani Bature, C. K. Meek, ya rubuta labarinsa a 1934. Cikin 'ya'yan darar akwai Mai da Ciroma da Kaigama.

Darar da muka saba tana da gidaje 30, kowa da 'ya'ya 12, duk ƙarfinsu ɗaya. Ita wannan gidajenta 64 ne, kowa da 'ya'ya 16, kuma kowane iri da tafiyarsa. Akwai sarki, akwai dakaru takwas masu tafiya sannu a hankali. Dakaren da ya kai ƙarshen allo sai a naɗa shi sarauniya, wadda ta fi kowa ƙarfi. Sannan akwai giwa, wadda Larabawa ke ce wa alfil, Turawan Ingila kuwa bishof. A da gida biyu kurum take tsallakawa a karkace. Sai wajen 1475, a ƙasar Sifen, aka sakar mata mara ta yi nisa yadda ta so.

Amma fa har yau giwa ba ta sake launi. Wadda ta fara a farin gida, a fari za ta ƙare. To in giwar wannan tana fari, ta wancan tana baƙi, ba sa taɓa haɗuwa. Mai ƙarancin dakaru sai ya girke sarkinsa da giwarsa a launin da giwar abokin karawa ba ta takawa, ya tare hanya. Ga alama abin da ya faru a gabanka ke nan.

Sai dai ba kullum ba. A 1998, a garin Linares na Sifen, Alexei Shirov ya kara da Veselin Topalov, mutumin Bulgariya. Shirov na da dakaru huɗu, Topalov biyu, giwayensu kuma launi dabam. Da sarkin Topalov ya riga isa tsakiyar allo, da canjaras ne. Shi kuwa Shirov giwarsa ce ta tsaya a gidan da sarkinsa zai bi. A bugu na 47 sai ya ɗauke ta ya ajiye a bakin dakaren Topalov, kyauta! Topalov ya ci. Wannan bugu ɗaya da ya ɓatar wajen ci, shi ne ya ba sarkin Shirov damar rigansa shiga tsakiya. Dakarun Topalov biyu kuma suka koma layi ɗaya, dakare guda ya ishe su. Daga nan Shirov ya rako dakarunsa biyu da ke nesa da juna, giwa ɗaya kuwa ba ta iya tsare ƙofa biyu ba. A bugu na 53 Topalov ya sallama.

Saboda haka, Malam, in wasa ya zo ƙarshe ba yawan 'ya'ya kaɗai ake ƙirgawa ba, har da wanda zai riga isa. Manomi ya san haka, don iri mai yawa ba ya rama shukar da ta makara.