Keke da Kyamara: Sana'ar Mai Hoto a Ƙasar Bodinga da Shagari

Bodinga da Shagari suna kudu da birnin Sakkwato, a kan hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega, kuma kowannensu na kewaye da ƙauyukan da ba a isa gare su sai ta burtali ko hanyar rairayi. Wannan yanayi ne ya raya sana'ar mai hoto na yawo, wato wanda ba ya zaman shago, sai dai ya bi ranakun kasuwa da bukukuwan aure da suna da Sallah a kan keke. Buƙatarsa ta ƙaru bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, lokacin da makarantu suka yawaita, aka kuma riƙa neman hoton fasfo don takardun jarrabawa da neman aiki da tafiya Hajji.

Keken da ya fi daraja a wancan lokaci shi ne Raleigh, wanda asalinsa daga Nottingham ta Ingila yake, aka kuma riƙa harhaɗa shi a Kano. Sai dai a wancan zamani jarin mai hoto yana cikin kyamararsa ne, kuma abubuwa uku ke yi mata barazana a hanya. Na farko girgiza, wadda ke kwance sukurori ta kuma gusar da saitin gilashi, shi ya sa ba a ɗaure kyamara a kariya, wato mazaunin kaya na bayan sirdi. Akan rataya ta a jiki, igiyar ta gitta ƙirji, domin jikin mahayi ya shanye jijjigar gargada. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke shiga ciki ta karce fim, don haka akan naɗe kyamarar da ƙyalle mai laushi kafin a sa ta a jakar fata. Na uku zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40 a yankin, yana kuma ɓata launin fim, saboda haka akan yi sammako, a kuma ɓoye jakar ƙarƙashin riga.

Wannan taka-tsantsan na da dalili, domin fim guda na ɗaukar hoto 24 ko 36 na mutane daban-daban, kuma ba a sanin lafiyarsa sai an kai shi birni an wanke, ga shi ranar suna ba ta maimaituwa. Daga baya babur ya karɓi aikin keke, sannan wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001, ta zo a hankali ta sa kyamara a aljihun kowa, har sana'ar ta koma kan hoton fasfo da bidiyon biki.