Man jirgi mai dalma: yadda ake kula da injin ƙaramin jirgin sama

A shekarar 2021 ne Aljeriya ta daina sayar da fetur mai dalma, ta zama ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta raba motoci da shi. Sai dai ƙananan jiragen sama masu farfela da injin fistan, irin waɗanda ake koyon tuƙi da su, har yau yawancinsu mai dalma suke sha. Sunan man Avgas 100LL, launinsa shuɗi, kuma kowace lita tana iya ɗaukar dalma har giram 0.56. Manyan jiragen fasinja ba ruwansu da shi. Nasu Jet A-1 ne, dangin kananzir.

Amfanin dalmar shi ne hana mai fashewa farat ɗaya a cikin silinda maimakon ya ƙone a tsanake, abin da kan iya huda fistan jirgi yana sama. Matsalarta kuwa ita ce ba ta ƙonewa. Saboda haka ake haɗa man da wani sinadari da ke mayar da ita tururi ta fice ta salansa, amma sinadarin ba ya aiki sosai sai injin ya yi zafi. A nan ne kulawar ta saɓa wa abin da mai mota ya sani. Barin inji yana silo a hankali, wanda direba ke ɗauka lallaɓawa ce, shi ne ainihin abin da ke tara dalma a cikinsa.

Kamfanin Lycoming na Amurka, wanda ke ƙera irin waɗannan injuna, yana shawartar matuƙi ya riƙe inji a juyi 1,000 zuwa 1,200 a minti yayin da jirgi ke ƙasa, ya kuma rage yawan man da ke gauraya da iska. Kafin ya kashe, ya ɗaga shi zuwa 1,800 na daƙiƙa 15 zuwa 20, ya dawo da shi, sannan ya yanke masa mai.

Wurin da sakaci ke fara bayyana shi ne fulogi. Kowace silinda tana da biyu, na sama da na ƙasa, kuma na ƙasan ne ya fi tara ƙananan dunƙulen dalma har wuta ta ɗauke. Shi ya sa matuƙi ke gwada layin wuta ɗaya bayan ɗaya kafin tashi. In inji ya yi gargada, ko dai a ƙone dattin ko a fasa tafiya. Injiniyoyi kan ciro fulogan su wanke, su musanya na sama da na ƙasa. Bawul ɗin fitar da hayaƙi ya fi wannan haɗari: datti kan sa ya cije, alamarsa kuwa jijjiga ce a tayarwar farko da safe, wadda ke ɓacewa in inji ya ɗumama. Ɓacewar tata ce ke yaudarar mutane.

Sauran dalmar baƙin mai take gangarawa, ta mayar da shi toka-toka. Ana juye shi duk awa 50 na tashi in injin yana da filta, awa 25 in raga ce kawai, ko bayan wata huɗu ko da jirgin bai motsa ba. Baƙin man mota ba ya shiga nan ko kusa.

Mai aikin ma yana buƙatar kariya. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba: a sa safar hannu, kada a wanke hannu da man, kada a zubar da shi a ƙasa.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta sa ƙarshen 2030 a matsayin lokacin da take son rabuwa da wannan mai, ta kuma amince da wani marar dalma, G100UL, a 2022. A gida Najeriya, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Zariya ta karkata ga jiragen Diamond masu shan Jet A-1, ganin tsada da wahalar samun Avgas.