Haruffa Huɗu da Hanyar Alƙalawa

Kwanakin baya ƙanena da ya gama karatu a Sakkwato ya turo mini haruffa huɗu ta WhatsApp: INTP. Ya ce ya yi gwajin hali a waya, ya gano shi "intirobat" ne, saboda haka ba zai nemi aikin koyarwa a Isa ba, tsayuwa gaban aji ba tasa ba ce. Ni sana'ata rubuta manhaja, na san yadda ake haɗa irin wannan gwaji: tambayoyi, sai maki, sai layin da aka ja a tsakiya. Abin da ya dame ni shi ne yadda yaron ya karɓi sakamakon kamar hukuncin alƙali.

Asalin maganar na wurin Kal Yung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Siwizalan. Bayan ya raba gari da Sigmun Furoid a 1913, ya yi ta mamakin yadda Furoid da Alfired Adla ke duba cuta iri ɗaya, amma kowa ya fito da bayani daban. A littafinsa na 1921 kan nau'o'in hali ya ce hankalin mutum na da alƙibla biyu: wani ya fi karkata waje, ga mutane da abubuwa, wani ya fi komawa ciki, ga abin da ke ransa. Ya kuma lissafa ayyukan hankali huɗu: tunani, aunawa da zuciya, lura da abin da ido da kunne suka kawo, da hango abin da bai bayyana ba. Kowane aiki na iya fuskantar waje ko ciki, shi ya ba da nau'i takwas. Mai tunanin waje yana tsara mutane da kaya har aiki ya tafi. Mai tunanin ciki yana ɗora abin da ya gani a kan ma'aunin da ke zuciyarsa, in bai daidaita ba ya kasa samun sukuni. Wato a wurin Yung ba batun surutu ko kunya ake ba, batun inda hankali ke fuskanta ne.

Haruffan ƙanena daga baya suka zo. Wata Ba'amurkiya, Katarin Birigs, da 'yarta Izabel Mayas ne suka mai da ra'ayin Yung tambayoyi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka samu gwajin MBTI mai nau'i 16. Masana sun daɗe suna sukarsa: yawancin mutane a tsakiya suke, kuma mutum kan sake gwajin bayan 'yan makonni ya fito da wasu haruffan. Yung da kansa ya ce babu mutumin da yake zalla ɗan ciki ko zalla ɗan waje.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Kufan Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, yana nan cikin ƙasar Sabon Birni, kuma a kan hanyarsa aka yi wani al'amari da ya fi kowane gwaji bayani. A 1804 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya jagoranci jama'ar Shehu a Tafkin Kwatto, inda suka ci rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Bayan shekara uku, a 1807, ana shirin far wa Alƙalawa, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Ya ga son duniya da ganima sun fara shiga zukatan mutane, abin bai yi daidai da manufar da aka fito dominta ba. Ɗan wansa kuwa, Muhammadu Bello, ya ci gaba da haɗa runduna har Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa, ya kuma kafa Sakkwato a 1809.

Mai karanta Yung zai yi saurin cewa ga su nan: Abdullahi mai tunanin ciki, Bello mai tunanin waje. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ɗaya ya auna jama'a da ma'aunin zuciyarsa, ɗaya ya tsara ta. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Da Abdullahi ya isa Kano, mutanen garin suka riƙe shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, littafi kan yadda ake mulki. Ya dawo gida, kuma da Shehu ya raba aiki a 1812, shi aka ba yammacin daula. Bello kuma, mai runduna da gina ribaɗi, a shekarar ce ya kammala Infaƙul Maisur, ya kuma bar littattafai masu yawa, har da na magani. Wanda ya guji taro ya koma malamin taro, mai taro kuma ya iya keɓewa da alƙalami. Allah ya jiƙansu.

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne. Na yarda kowa na da ɓangaren da ya fi masa sauƙi, kamar hannun dama da na hagu, amma mai dama ba ya yanke hagunsa. Ga kuma abin da gwaji ba ya gani: a Isa da Sabon Birni yau, bayan shekarun 'yan bindiga, akwai yaran da suka yi shiru ba don haka aka halicce su ba, sai don abin da idonsu ya gani. Irin waɗannan yara malami mai iya sauraro suke buƙata, wanda zai lura da na bayan aji da bai taɓa ɗaga hannu ba.

Abin da na gaya wa ƙanena ke nan da na kira shi. Na ce ya ajiye haruffansa, suna iya nuna masa inda zai gaji da wuri da inda zai huta. Amma takardar neman aikin, ya cike ta.