Abin da ya sa masu wasannin bidiyo ke neman tsohon talabijin mai ƙaton baya

Talabijin mai ƙaton baya, wanda masana ke kira CRT, ya samo asali ne daga bututun gilashi da Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙirƙira a 1897. Kamfanin Sony ya fito da samfurinsa na Trinitron a 1968, ya kuma daina ƙera shi a 2008. Duk da haka, masu sha'awar tsofaffin wasannin bidiyo na ci gaba da nemansa.

Dalilin shi ne domin irinsa aka tsara wasannin Nintendo da Sega na shekarun 1980 da 1990. Yana zana hoto layi bayan layi da zarar saƙo ya iso, alhali talabijin ɗin bango sai ya sarrafa hoton tukuna, abin da ke haifar da ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin da ake gani. Shi ya sa har yanzu ake amfani da shi a gasar Super Smash Bros. Melee, wasan da ya fito a 2001. Haka kuma bindigar wasan Duck Hunt ba ta aiki a talabijin ɗin bango.

Matsalar tana wajen haɗa shi da na'urorin zamani. Su HDMI suke fitarwa, shi kuwa tsohon saƙon analog yake karɓa, wanda ke zana layi kusan 15,000 a daƙiƙa. Yawancin na'urorin sauya saƙo masu araha suna ba da hoton 480i mai rawa, maimakon 240p tsayayye na asali. Saboda haka gwanaye suka fi karkata ga MiSTer, mai kwaikwayon tsofaffin na'urorin wasa, ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. A Turai kafar SCART ce ke ba da launi mafi tsabta.

Akwai kuma bambancin tsari. Amurka da Japan sun yi amfani da NTSC, Najeriya da Birtaniya kuwa PAL. Idan tsarin bai dace ba, hoton kan fito baƙi da fari.

Sai dai akwai haɗari. Wutar da ke cikin talabijin mai launi kan kai kusan bolt 25,000, kuma takan saura ko bayan an zare shi daga soket. Gilashinsa na ɗauke da dalma. Buɗe shi aikin ƙwararren mai gyara ne, kuma tunda manyan kamfanoni sun daina ƙera bututun, duk wanda ya fashe ya tafi ke nan.