Tarihin Kashi na Biyu a Finafinan Jaruman Amurka

Al'adar ci gaba da labarin jarumi daga fim zuwa fim ta daɗe a ƙasar Amurka, domin tun a 1941, sa'ad da kamfanin Republic ya fitar da Adventures of Captain Marvel cikin babi 12, gidajen silima kan nuna babi guda kowane mako, a yanke labari daidai inda jarumi yake bakin halaka, don yara su komo da kuɗinsu mako mai zuwa su ga yadda zai kuɓuta. Waɗannan finafinai na araha ne, ba wanda ya nemi hikima a cikinsu. Sai a 1978, da Richard Donner ya shirya Superman, aka kashe masa kimanin dala miliyan 55, ya kuma maido riba ninkin ba ninkin, sannan attajirai suka fahimci cewa jaruman littattafan zane taska ce wadda ba ta ƙarewa.

Amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Tun kafin a kammala kashi na biyu masu dukiya suka sami saɓani da Donner suka sallame shi, daga nan martabar labarin ta yi ta raguwa, har a kashi na huɗu na 1987 aka tsuke kuɗin aiki ta yadda mai kallo kan ga hoton tashin jarumi guda ɗaya ana ta maimaita shi. Haka nan Batman and Robin na 1997, wanda aka tsara shi da nufin sayar wa yara kayan wasa, ya sha suka har kamfanin Warner ya jingine jarumin shekara takwas.

Haƙiƙa da a nan al'amarin ya tsaya, da hujjar masu raina kashi na biyu ta tabbata. Sai dai a 2004 Sam Raimi ya nuna cewa idan kashi na ɗaya ya bayyana asalin jarumi, na biyu shi ne fagen jarrabawarsa. A Spider-Man 2 an ga saurayi ya rasa aikinsa na kai abinci, kuɗin haya ya gagare shi, ƙarfinsa ya fara guje masa. Kuma bayan da ya tsayar da jirgin ƙasa da ƙyar ya some, fasinjoji suka tallabe shi bisa hannuwansu, suka ga fuskarsa a buɗe, suka yi alkawarin rufa masa asiri. A 2008 kuma Christopher Nolan, cikin The Dark Knight, ya sa azzalumi ya ɗana bam a jiragen ruwa biyu, ɗaya na fursunoni ɗaya na talakawa, ya ba kowanne ikon halaka ɗan'uwansa don ya tsira, sai wani fursuna ya karɓi na'urar ya jefa ta ruwa. Heath Ledger, wanda ya fito a azzalumin, ya sami lambar Oscar bayan rasuwarsa.

A shekarar 2008 ɗin ce kamfanin Marvel ya fara sarƙa finafinansa da juna, kamfanin Disney ya saye shi a 2009 kan kimanin dala biliyan 4, Avengers: Endgame na 2019 kuwa ya tara kusan biliyan 2.8. To, amma da kowane fim ya zama share fage ga na gabansa, sai jama'a suka fara gajiya, domin yayin da fim ɗin Captain Marvel na kamfanin Marvel ya haura dala biliyan ɗaya, ci gabansa na 2023 da ƙyar ya wuce miliyan 200.

Abin da tarihin nan yake karantarwa shi ne, darajar kashi na biyu tana ga ma'abucin fasaha wanda aka sakar wa mara ya ɗora wa jaruminsa ibtila'i na gaskiya. Duk inda lissafin riba ya riga labari zuwa, kuɗi komai yawansa ba ya sayen ingancin aiki.